Nawa Ne Gudummawar Iska Wajen Tabbatar Da Wutar Lantarki A Babban Layi?

Tambayar da aka aiko mini ita ce: idan ƙasa ta kafa injinan samar da lantarki daga iska masu yawa, wane irin tabbaci suke ƙara wa babban layin wuta, alhali iska ba ta kaɗawa da umarnin kowa? Mai tambayar ya ce ya ji ɓangare guda na cewa iska ba ta kawo wa layi komai sai ɗawainiya, ɗaya ɓangaren kuma na cewa megawat ɗaya na iska daidai yake da megawat ɗaya na gas ko kwal, don haka yana so a ba shi adadi.

Malam mai tambaya, duka maganganun biyu sun kauce wa abin da lissafi ya nuna. Adadin da kake nema yana nan, masu tsara harkar lantarki suna fitar da shi duk shekara, kuma ga injinan da aka kafa a kan tudu yakan faɗo tsakanin kashi 10 zuwa kashi 35 cikin 100 na ƙarfin da aka rubuta a jikin injin. Sai dai wannan adadi yana amsa tambaya ɗaya ce daga cikin biyu da kalmar tabbaci ta ƙunsa, kuma duk wanda ya riƙe shi ba tare da sanin yadda aka same shi ba, zai ajiye shi inda bai dace ba.

Wayar lantarki ba rumbu ba ce da za a zuba wuta a ciki a ɗiba gobe. Abin da janaretoci suka tura a wannan sakan dole ne ya yi daidai da abin da gidaje da masana'antu suka ja a wannan sakan ɗin. Daga nan ne tambayoyin biyu suka fito. Ta farko ita ce ta wadata: shin akwai isassun tashoshi da za su biya buƙata a awa mafi tsanani ta shekara? Ta biyu ita ce ta juriya: idan tsawa ta faɗa kan layi, ko wata babbar tasha ta mutu ba zato, shin layin zai shanye bugun cikin 'yan sakanni ba tare da ya durƙushe ba? Akwai kuma abin da ya kamata a ware gefe tun yanzu, wato yawancin ɗaukewar wutar da mutum yake gani a gidansa a ƙasashen da tashoshi suka wadata, daga ƙananan layuka da taransifomomi take zuwa. A Jamus matsakaicin lokacin da gida yake rasa wuta a shekara ya sauka daga kimanin minti 21 a 2006 zuwa minti 12 ko 13 a 'yan shekarun nan, a daidai lokacin da iska ta zama hanyar da ta fi kowace ba ƙasar wuta. Ba na kawo wannan a matsayin hujjar cewa iska ce ta rage ɗaukewar wutar, domin ingancin wayoyinsu ne yake magana a nan. Abin da adadin ya tabbatar kawai shi ne yawaitar iska bai tilasta wa wuta lalacewa ba.

Bari mu fara da wadata. Adadin da aka rubuta a jikin injin iska, misali megawat 5, shi ne abin da zai bayar idan iska ta kai gudun da aka ƙera shi a kai, kimanin mita 12 ko 13 a sakan. Injin yakan fara juyawa da amfani idan iska ta kai mita 3 ko 4, kuma yawancinsu suna tsayawa don kare kansu idan ta wuce mita 25. Tsakanin farawa da cika, wutar da ake samu ba ta bin gudun iska daki-daki. Idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikin iskar yana ninkawa sau takwas, idan kuma ya sauka daga mita 10 zuwa mita 8, kusan rabin wutar ya tafi. Saboda haka idan aka tara abin da injin ya samar a awa 8,760 na shekara, akan samu kashi 25 zuwa 45 cikin 100 na abin da zai bayar da a ce kullum a cike yake aiki, ya danganta da wurin da aka kafa shi. Na cikin teku sukan kai kashi 40 zuwa 50. Wannan shi zan kira kason aiki, kuma nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin suna ɗauka shi ne ma'aunin tabbaci. Kason aiki yana gaya maka yawan wutar shekara, bai gaya maka ko wutar za ta zo a awar da aka fi buƙatarta ba.

Ma'aunin da ya dace shi ne wanda zan kira kason dogaro. Hanyar lissafinsa ta girmi injinan iska na zamani, domin wani injiniya mai suna Garver ne ya bayyana ta a 1966 don auna darajar kowace irin sabuwar tasha. Da farko ƙasa takan yanke irin haɗarin da za ta iya jurewa. A Arewacin Amurka an daɗe ana aiki da ƙa'idar cewa ƙarancin wuta kada ya wuce rana ɗaya a shekara goma, Birtaniya kuma ta tsayar da awa uku a shekara. Sai a ɗauki bayanan buƙata da na yanayi na shekaru masu yawa, awa bayan awa, a haɗa da yiwuwar lalacewar kowace tasha, a lissafa haɗarin. Bayan haka a saka tashoshin iska a cikin lissafin, haɗarin zai ragu. Sai a riƙa ƙara buƙata kaɗan-kaɗan har haɗarin ya koma inda yake da farko. Idan, a misali, an saka megawat 1,000 na iska kuma aka ga layin ya iya ɗaukar ƙarin buƙata ta megawat 200 ba tare da haɗarin ya ƙaru ba, to kason dogaron wannan iska kashi 20 ne cikin 100. Ma'anarsa ita ce wannan megawat 1,000 ya ɗauke wa ƙasar nauyin gina tashar megawat 200 wadda ba ta taɓa lalacewa.

Ga abin da wannan lissafi ya haifar a zahiri. Hukumar PJM, wadda ke tafiyar da babban layin jihohi 13 a gabashin Amurka, ta yi shekaru tana ba iskar kan tudu kashi 13 cikin 100, saboda tana auna ta ne da yammacin ranakun zafi, lokacin da na'urorin sanyaya ɗaki suke jan wuta kuma iska take lafawa. A Disambar 2022 wani matsanancin sanyi ya sauka, tashoshi masu ƙarfin kimanin megawat 46,000 suka kasa aiki a yankin, kusan kashi 70 cikin 100 daga cikinsu na gas, iska kuwa ta ba da fiye da abin da aka ɗora mata. Da aka sake lissafi aka gane cewa haɗarin ya fi yawa a hunturu, sai adadin da hukumar ta fitar don shekarar 2025 zuwa 2026 ya zama kashi 35 ga iskar kan tudu, kashi 60 ga ta cikin teku, kashi 79 ga manyan tashoshin gas na zamani, kashi 95 ga nukiliya. Injinan iskar ba su canza ba tsakanin kashi 13 da kashi 35. Abin da ya canza shi ne fahimtar awar da layin ya fi shiga haɗari.

Ka lura da cewa gas ma bai samu 100 ba. Babu tashar da take samu. A 2022 fiye da rabin injinan nukiliya 56 na Faransa sun tsaya a lokaci guda, wasu don gyaran da aka saba, wasu saboda tsagewar da aka gano a bututunsu, har ƙasar da ta shahara da sayar wa maƙwabta wuta ta koma saya. Abin da ya faru a jihar Teksas ta Amurka a Fabrairun 2021 ya fi wannan muni, kuma tunda ana yawan jingina shi ga iska, ya kamata a faɗi yadda ya kasance. Da tsakar daren 15 ga watan, sanyi ya kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya, har masu kula da layin suka yanke megawat 20,000 da gangan don kada jihar ta durƙushe gaba ɗaya. Gidaje da wuraren kasuwanci fiye da miliyan huɗu da rabi sun rasa wuta, wasu na kwanaki, kuma hukumomin jihar sun ƙidaya mutum 246 da suka mutu sanadin wannan sanyi. Rahoton haɗin gwiwa na hukumomin FERC da NERC, masu sa ido kan harkar lantarki a Amurka, ya nuna cewa a cikin injinan da suka samu matsala, kashi 58 na gas ne, kashi 27 na iska. Gaskiya ne fukafukan injinan iska sun daskare, kuma abin takaici ne domin ana sayar da kayan da ke hana hakan, ga injinan suna aiki a Kanada da Finlan cikin sanyin da ya fi wannan. Amma giɓin da ya jefa jihar cikin duhu ya fito ne daga tashoshin da aka ɗora wa mafi yawan dogaro, tun da masu tsare-tsare ba su taɓa lissafa cewa iska za ta ba da fiye da ƙaramin kaso na ƙarfinta a hunturu ba. Tashar da aka yi tsammanin kaɗan daga gare ta ba ta iya haifar da babban giɓi.

Duk da haka ba zan yarda a yi amfani da Teksas a rufe raunin iska na gaskiya ba, domin raunin yana nan kuma ya bambanta da na sauran tashoshi. A ranar da babu matsanancin yanayi, idan tashar gas guda ta lalace, wannan bai shafi maƙwabciyarta ba, don haka ƙasa mai tashoshi 100 tana iya dogara cewa mafi yawansu za su tashi. Injinan iska kuwa, ko da kowannensu lafiyarsa ƙalau, kuma yawanci suna shirye don aiki a kusan kashi 97 cikin 100 na lokaci, iska ɗaya suke jira. Idan ta lafa a yanki, ta lafa wa dukansu. Wannan ne dalilin da ya sa kason dogaro yake raguwa yayin da iska take ƙaruwa a layi. Injinan farko da aka kafa sukan samu kason dogaro da ya kusanci kason aikinsu, domin akwai awanni masu tsanani da yawa da suke taimakawa a ciki. Idan suka yi yawa, sai su share duk awannin tsananin da ke da iska, a bar waɗanda babu iska kaɗai, kuma a waɗannan awanni ƙarin injin dubu ba ya ƙara abin kirki. Ƙasar da ta ninka injinan iskarta za ta ninka wutar shekara, amma ba za ta ninka tabbacin ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne mafi wuyar al'amari a duk maganar, wato doguwar lafawar iska. Jamusawa suna da kalma dominsa, Dunkelflaute, wadda ta haɗa duhu da kwanciyar iska: kwanakin hunturu da gajimare ya rufe rana, iska ta kwanta a faɗin ƙasashe da dama, ga sanyi yana ɗaga buƙata. A farkon Nuwamban 2024, da kuma tsakiyar Disamban shekarar, Jamus mai injinan iska na fiye da megawat 70,000 ta shiga irin wannan hali, kuma a Nuwamban akwai awannin da abin da injinan suka bayar bai kai megawat 1,000 ba. Wuta ba ta ɗauke ba, domin tashoshin gas da kwal sun tashi, an kuma sayo daga maƙwabta, amma farashi a kasuwar wutar ya yi tashin gwauron zabi. Ana yawan cewa batura za su warware wannan, kuma ina ganin wajibi ne a yi lissafin a fili. Yawancin manyan baturan da ake haɗawa da layi a yau suna riƙe wutar awa biyu zuwa huɗu ne. Ƙasar da take jan megawat 50,000, idan iska ta kwanta mata kwana biyar, buƙatarta a wannan tsakani megawat-awa miliyan shida ce, wato megawat 50,000 sau awa 120. Dukan madatsun da Jamus take tura ruwa sama don ajiyar wuta ba su riƙe fiye da kimanin megawat-awa 40,000 ba. Batura suna da babban amfani wajen ɗauke wutar rana zuwa dare da kuma agajin gaggawa, amma giɓin kwanaki yana buƙatar wani abu daban: manyan madatsun ruwa, ko tashoshin da ake kunnawa idan an so, ko layukan da suka kai inda yanayi ya bambanta, ko masana'antun da suka yarda su rage aiki idan an biya su.

Danmak ita ce misalin da ake yawan kawowa, kuma ta cancanta. Fiye da rabin wutar da take samarwa daga iska yake fitowa, kuma tana cikin ƙasashen da wuta ta fi tabbata a Turai. Amma wanda ya kawo misalinta ya kamata ya kawo taswira tare da shi. Tana da layukan haɗi da Norwe da Suwidin da Jamus da Holan, sannan a ƙarshen 2023 aka kunna na Birtaniya, mai tsawon kimanin kilomita 765 da ƙarfin megawat 1,400. Madatsun Norwe kaɗai suna iya riƙe ruwan da ya kai megawat-awa miliyan 87. Idan iska ta yi yawa, Danmak tana tura wuta arewa, Norwe ta rufe ƙofofin madatsunta ta adana ruwa. Idan iska ta kwanta, a buɗe ƙofofin, wutar ta dawo. A nan akwai wata gudummawa ta iska da kason dogaro ba ya cika nunawa, kuma a ganina ba a ba ta haƙƙinta. Duk megawat-awa ɗaya da iska ta samar, ruwa ne da ya zauna a madatsa ko gas ne da ya zauna a ma'ajiya, yana jiran ranar tsanani. A ƙasar da matsalarta ƙarewar ruwa ce ko ƙarancin mai, wannan shi ne tabbacin da ya fi muhimmanci. A arewa maso gabashin Barazil iska ta fi ƙarfi a rabi na biyu na shekara, daidai lokacin da ruwan madatsun yankin yake ja baya, don haka injinan iska suna raka madatsun har damina ta dawo. A Kenya tashar Tafkin Turkana mai megawat 310 tana zaune a wurin da iska ba ta cika yankewa ba, kason aikinta yakan wuce rabi, abin da ba kasafai ake samu a kan tudu ba.

Game da hawa da saukar iska cikin yini ba zan daɗe ba, domin matsala ce da aka riga aka iya. Iskar injin guda tana canzawa daga minti zuwa minti, amma idan aka haɗa ɗaruruwan injina da suka bazu a kan ɗaruruwan kilomitoci, sauyin yakan zama na sannu-sannu, kuma hasashen yanayi yana hango shi tun ana gobe, ya ƙara daidaita idan awanni suka matso. Mai kula da layi ya fi tsoron babban injin nukiliya mai megawat 1,600 da zai iya ficewa cikin ƙiftawar ido, saboda irin wannan ficewa ake auna wutar ko-ta-kwana ta gaggawa. Abin da iska take buƙata shi ne tashoshi masu saurin hawa da sauka cikin awa, da kasuwar da ke ba da damar gyara jadawali har zuwa mintunan ƙarshe.

Yanzu sai tambaya ta biyu, ta juriya, wadda a nan ne ilimin ya fi zurfi kuma kuskuren fahimta ya fi yawa. Wutar babban layi tana kai da komo sau 50 a sakan a Turai da Afirka da mafi yawan Asiya, sau 60 a Arewacin Amurka. Wannan shi ne bugun layi, wanda injiniyoyi ke kira firikwansi. Janaretocin gas da kwal da nukiliya da na ruwa suna juyawa a kulle da wannan bugu, kuma ƙarfen da ke juyawa a cikinsu yana da nauyin tan-tan masu yawa, wasu suna zagaye 3,000 a minti. Idan wata tasha ta mutu, kafin kowace na'ura ta lura, wannan nauyi mai juyawa yana sakin ƙarfin da ke cikinsa, sai bugun ya sauka a hankali maimakon ya faɗi tim, a samu sakannin da wutar ko-ta-kwana za ta tashi. Injin iska na zamani yana da fukafukai masu nauyi, amma tsakaninsa da layi akwai inbata, na'urar da ke sarrafa wutar kafin ta hau layi, wadda ta raba juyawarsa da bugun layin. Idan ba a koya wa inbatar ba, ba za ta san layi yana cikin wahala ba. Saboda haka idan iska ta yi yawa har aka kashe janaretoci masu nauyi, layin yakan zama mai saurin girgiza.

Manyan misalai biyu sun nuna yadda wannan yake. A ranar 28 ga Satumban 2016 guguwa ta kayar da turakun manyan layuka uku a jihar Kudancin Ostireliya. Ƙarfin wuta ya yi ta faɗuwa yana tashi sau shida cikin kimanin minti biyu. Tashoshin iska tara suna da wani saiti da ya ce idan irin wannan ya maimaitu fiye da adadi kaza, su janye, kuma masu kula da layin ba su san da wannan saiti ba. Megawat 456 ya ɓace cikin ƙasa da sakan bakwai, layin Heywood da ke kawo wuta daga jihar Biktoriya ya ɗauki fiye da ƙarfinsa ya yanke, jihar gaba ɗaya, masu mita 850,000, ta shiga duhu. A ranar 9 ga Agustan 2019 kuma, dab da ƙarfe biyar na yamma, tsawa ta faɗa kan wani layi a Ingila. Tashar iskar Hornsea da ke cikin teku ta zubar da megawat 737 saboda matsalar manhajar sarrafa ta, tashar gas ta Little Barford ta rasa megawat 641, ƙananan tashoshi da yawa suka fice su ma. Abin da aka tanada na ko-ta-kwana megawat 1,000 ne, bugun ya sauka zuwa 48.8, na'urorin kariya suka yanke masu mita fiye da miliyan ɗaya na tsawon abin da bai kai awa guda ba. A duka lokutan biyu iska tana kaɗawa sosai. Saiti da manhaja ne suka gaza, kuma an gyara su bayan haka.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, saɓanin kwanciyar iska da ba mu da iko a kanta, juriya aikin injiniya ne da doka. A farkon zamanin injinan iska, ƙa'ida ce ta umarce su da su cire kansu da zarar layi ya girgiza, domin suna kaɗan. Tun daga farkon shekarun 2000 aka juya ƙa'idar a Jamus da Amurka da sauran wurare, aka wajabta musu su tsaya a kan layi su taimaka wajen ɗaga ƙarfin wuta. Lardin Kebek na Kanada ya daɗe da wajabta wa tashoshin iska su ari ƙarfi daga juyawar fukafukansu su tura ƙarin wuta na 'yan sakanni idan bugu ya faɗi, ko da yake bashi ne da injin zai biya daga baya idan ya zo maido da gudunsa. Injin iska yana iya rage wuta da sauri fiye da tashar kwal nesa ba kusa ba, yana kuma iya ƙarawa idan tun farko an riƙe shi ƙasa da abin da iska ta ba shi. Kudancin Ostireliya ta kafa batirin Hornsdale mai megawat 100 a 2017, ta ƙara da manyan injina huɗu a 2021 waɗanda suke juyawa a kulle da layi ba tare da ƙona mai ba, aikinsu kawai ba da nauyi da daidaita ƙarfin wuta. A Sikotlan, a 2020, an gwada tashar iskar Dersalloch mai megawat 69 ta tayar da wani sashe na layi daga duhu da kanta, ta hanyar inbatocin da ke kafa bugu maimakon su bi wanda suka tarar.

Ayalan ce ta fi burge ni a wannan fanni, domin tsibiri ce mai ƙaramin layi, ba ta da maƙwabta masu bugu ɗaya da ita da za su tallafe ta. Masu kula da layinta sun kafa iyaka ga kason wutar da ke shigowa ta inbata a kowane lokaci. Sun fara da kashi 50, suna ƙara biyar-biyar bayan kowane gwaji, suna sayen hidimomin juriya da kuɗi daga duk wanda zai iya bayarwa, har suka kai kashi 75 a 2022. Abin yana da tsada: a wasu shekarun kusan kashi ɗaya cikin goma na wutar da injinan iskarsu za su iya bayarwa ana barinta ta wuce, saboda wannan iyaka da kuma ƙarancin layuka. Na fi ganin darajar wannan asara da aka zaɓa da ido buɗe fiye da ɗaga iyakar kafin a shirya.

Saura abu guda da ya shafi adadin da muka fara da shi. Kason dogaro ba hali ne na injin ba, hali ne na injin tare da wurinsa da maƙwabtansa da buƙatar da yake biya, don haka adadin wata ƙasa ba ya aiki a wata, kuma na bara ba lallai ya yi aiki bana ba. Lissafin da aka yi da yanayin shekara biyu ko uku ba abin dogaro ba ne, domin doguwar lafawar iska da ta haɗu da matsanancin sanyi ko zafi takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, shi ya sa masu aikin da kyau suke amfani da bayanan shekara 30 ko fiye. Haka kuma matsakaicin kason dukan injinan da ake da su ya bambanta da kason injin da za a ƙara gobe, kuma na biyun ne ya kamata ya jagoranci inda za a kafa shi. Teksas ta nuna wannan a aikace. Iskar yammacin jihar ta fi ƙarfi da dare da kuma farkon shekara, kuma don ita aka gina layuka masu tsawon kusan mil 3,600 da aka kammala a wajejen 2013. Iskar gaɓar tekun jihar kuwa tana tashi ne da yamma, lokacin da ƙasa ta yi zafi iskar teku ta shigo, daidai awannin da buƙata take kai ƙololuwa a watannin zafi. Saboda haka hukumar ERCOT mai kula da babban layin jihar take lissafa wa injinan gaɓa kaso mafi girma a lokacin zafi fiye da na yamma, ko da injinan iri ɗaya ne daga kamfani ɗaya.